Kanula a ɗakin kulawa ta musamman: ɓarnar da ke ɓoye ƙarƙashin filasta

Majinyacin da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman ba kasafai yake iya cewa "Sista, hannuna na zogi" ba. Ko an ba shi maganin barci saboda injin numfashi, ko ciwo ya gusar masa da hankali, ko bututu na cikin maƙogwaronsa. Wanda ke babban ɗaki zai kira nas tun kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani, ta fara damunsa. Wannan kuwa ba shi da baki sai idon nas da yatsunta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da ƙa'idojinta kan kanula a 2024, ta ce har kashi 70 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa a asibiti kan buƙaci kanula. A ɗakinmu kowa ne, kuma galibi ba guda ɗaya ba.

Sa kanula aikin minti biyar ne, kuma a nan muke zuba gwaninta. Amma robar za ta kwana uku ko huɗu a cikin jijiya, hannu goma na taɓa ta. A ganina cikin waɗannan kwanakin ne muka fi yin sakaci, don haka kansu zan fi tsayawa.

Mu fara da filasta. An saba a laftawa wurin farar filasta ninki uku, wani lokaci a zagaye hannun gaba ɗaya, a ɗora bandeji. Kanular ta zauna daram, gaskiya ne, amma an rufe ainihin wurin da ya kamata a riƙa gani, wato inda roba ta huda fata. Filastar nadi kuma ba tsabtatacciya ba ce: tana yawo cikin aljihu, ana yanka ta a liƙa a jikin ƙarfen gado kafin a ɗora ta kan rauni. Wadda ta zagaye hannu kan zama maɗauri idan hannun ya kumbura. Abin da ya dace shi ne filasta mai kama da leda wadda ake hango fata ta cikinta. Tana iya kwana 7 idan ba ta jiƙe ko ta ɗago ba. In babu ita, a sa ɗan gozi tsabtatacce a bakin hudar, a kama fikafikan kanular da filasta ba tare da ta taɓa hudar ba, a canza gozin duk kwana 2. A rubuta rana da lokaci a gefe.

Yanayin Kaduna ma na da hannu a nan. A zafin Maris da Afrilu, musamman in an ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, gumi na ɗaga gefen filasta cikin 'yan sa'o'i. Da hunturu fata ke bushewa ta tsattsage, ƙura kuma ta shigo ta kowace kafa. Filastar da gefenta ya ɗago ta gama aiki. Kada a ɗora mata wata a kai, a cire ta, a goge wurin, a sa sabuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, idan an buɗe wurin, me ake nema? Ma'aunin kumburin jijiya da aka fi koyarwa yana tafiya daga 0 zuwa 5. Ɗan ciwo ko ɗan ja kaɗai shi ne 1, a sa ido. Idan biyu suka haɗu daga cikin ciwo, ja da kumburi, an kai 2, a cire kanular. Daga 3 zuwa sama ciwon ya bi tsawon jijiyar, wurin ya yi tauri, har ta zama kamar igiya a ƙarƙashin yatsa, a 5 kuma zazzaɓi ya shigo. Matsalar ita ce ma'aunin ya dogara sosai da ja, ja kuwa ba ya fitowa a baƙar fata yadda yake fitowa a fara. Wanda ya tsaya jiran ja a hannun mutumin Rigasa ko Kakuri zai makara. A fatarmu wurin kan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi ya ɗaure. Ga matan da suka yi lalle ko kunshi, launin ma ba zai taimaka ba sam. Saboda haka hannu ne ma'auni. A sa bayan yatsu a ji ɗumin wurin, a gwada da ɗaya hannun a daidai wannan gurbi. Ɗumi da tauri alamar jijiya ta kumbura ne. Sanyi da kumburi mai laushi alamar ruwa ya zurare cikin nama ne. Ga wanda jikinsa ya riga ya kumbura, a auna kaurin hannun da tef, a yi alama da biro inda aka auna, a rubuta. Wanda aka ba maganin barci ma yana nuna ciwo: ya yamutsa fuska, ya janye hannu, ko bugun zuciyarsa ya tashi daidai lokacin da ake tura ruwa. Da dare a haska tocila, hasken ɗaki bai isa ba.

Sau nawa za a duba wurin? Babba mai hankalinsa, aƙalla duk sa'a 4. Wanda ke cikin mawuyacin hali ko aka sa shi barci, duk sa'a 1 zuwa 2. Jariri da yaro, duk sa'a. Idan maganin da ke tafiya mai ƙona nama ne, fiye da haka.

Kan girman kanula ba zan daɗe ba. Kowane launi da lambarsa: ruwan lemo 14, ruwan toka 16, koriya 18, ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24, kuma yadda lamba ke hawa haka kauri ke raguwa. Manyan na mai zubar jini ne da wanda ake son ɗura wa ruwa da gaggawa. Don maganin yau da kullum, 20 ko 22 ta wadatar. Babbar kanula a siririyar jijiya tana cika ta, jini ya rasa hanyar wucewa ta gefe balle ya tsarma maganin, robar kuma ta riƙa gogar bangon jijiya. Wuri mafi kyau shi ne tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. A guji inda gaɓa ke lanƙwashewa, da cikin wuyan hannu da gefen babban yatsa inda jijiyoyin ji suke kusa, da ƙafar babban mutum, da hannun da ya shanye, da hannun da aka tanada don wankin ƙoda. Masu sikila da suka sha huda tun suna yara, jijiyarsu dukiya ce. In ka gwada sau biyu ba ka samu ba, kira wani. Kuma da zarar an ja allurar baya, ba a sake tura ta cikin robar, don tana iya yanke ta guntun ya bi jini.

Wajen goge fata, kilohekzidin kashi 2 cikin sifirit kashi 70 ya fi. A goga gaba da baya na daƙiƙa 30, a bar shi ya bushe da kansa, ba fifita ba hurawa. In aidin ne, yana buƙatar kamar minti 2 kafin ya yi aiki. Ga bakwaini da jaririn da bai kai wata biyu ba, a yi hattara da kilohekzidin domin yana ƙona fatarsu. Ɗabi'u biyu na rushe duk wannan. Ɗaya, a goge wuri sannan a sake lalubar jijiya da yatsa, wasu har su yanke kan safar hannu don su ji ta sosai. Biyu, audugar da aka jiƙa da sifirit tun safe aka bar ta a buɗaɗɗen kwano. Kafin azahar sifirit ɗin ya bi iska, abin da ya rage jiƙaƙƙiyar auduga ce da kowa ya tsoma wa hannu.

Yanzu ga inda na fi damuwa da shi: bakin da ake ɗura magani. Majinyaci ɗaya a ɗakinmu ana iya buɗe layinsa, wato kanular da robar da ke haɗe da ita, sau da dama a yini, kowace buɗewa kuma ƙofa ce kai tsaye zuwa jini. Ƙwayoyin cuta da suka shiga ta nan suna manne wa cikin robar su gina wani yauƙi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsawa da kyau. Kafin a ɗaura sirinji, a wanke hannu, a murza bakin da audugar sifirit sabuwa na daƙiƙa 15, a bari ya bushe. Daƙiƙa 15 ta fi yadda ake zato tsawo, a ƙirga ta. Murfin da aka cire aka ajiye kan zanin gado ba ya komawa, sabo ake sawa. Famfo mai baki uku da jini ya kwanta a cikinsa a canza shi, wanda ba a amfani da shi a cire. Robar ƙarin ruwan da aka kwance aka rataye ta baki buɗe, ko aka soka bakinta a jikin kanta, ta zama shara.

Akwai kuma ledar ruwan gishiri guda da ake ratayewa a tsakiyar ɗaki da allura soke a jikinta, kowa na zuƙa don wanke layin majinyacinsa. Hannu ɗaya mara tsabta ya isa ya raba cuta ga gado shida. Haka allurar da ake soka wa gorar ruwa don iska ta shiga ruwan ya sauka: iskar ɗaki ce ba tacewa take shiga ruwan da zai bi jijiya. In gorar na buƙatar iska, a nemi roba mai ƙofar iska da matacinta. Ita robar ƙarin ruwa da ke tafiya ba yankewa ba sai an canza ta kullum ba, tana kai kwana 4, kada dai ta wuce 7. Ta ruwan abinci mai kitse sa'a 24 ce, ta maganin barci firofofol sa'a 6 zuwa 12. Ta jini a cire ta in an gama, kowace ledar jini kuma ta ƙare cikin sa'a 4.

Idan ruwa ya tsaya, abin da hannu ya saba yi shi ne a naɗe robar a jikin biro a matse, ko a ɗauko ƙaramin sirinji a danna da ƙarfi. In gudan jini ne ya toshe ta, an tura shi cikin jiki ke nan. In kuma kanular ta fita daga jijiya, an ɗura ruwa cikin nama. A bi a hankali: makullin robar a buɗe yake? Ta lanƙwashe? Hannun ne ya tanƙware? Sannan a ja baya da sirinji a ga ko jini zai fito, a gwada turawa a hankali. Ta ƙi, a cire. Sirinjin mil 10 ake so, domin ƙaramin sirinji ya fi haifar da matsi mai yawa da ɗan ƙarfin yatsa, har ya iya fasa doguwar roba. Rigakafin toshewa kuwa wanki ne da ruwan gishiri kafin magani, tsakanin magani da magani, da bayansa. A tura kaɗan a tsaya, a tura a tsaya, don ruwan ya kaɗa cikin robar, a kulle kuma ana cikin tura na ƙarshe don jini kada ya dawo.

Ba jini kaɗai ke toshe layi ba. Seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda kusan kowane gado ke sha, ba ya haɗuwa da ruwa mai kalsiyam irin Ringa, suna yin gari a cikin roba, ga jarirai kuma haɗin ya yi kisa. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, na daskarewa a ruwan sikari, ruwan gishiri kaɗai yake so, kuma ba ya wuce miligiram 50 a minti ga babba. Amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya, akasin haka ne, ruwan sikari kashi 5 ake haɗa shi da shi. Bayikabonet da kalsiyam in sun gamu alli suke yi. In aka ga ruwa ya yi gajimare a roba, a tsayar nan take.

Zurarewar magani mai ƙona nama ita ce ke kai mutum ga rasa fata, wani lokaci har yatsu. Waɗanda muke riƙewa kullum su ne noradirenalin da dofamin (masu ɗaga hawan jini), kalsiyam, fotasiyam, fenitoyin, bankomaisin, manitol da ruwan sikari kashi 50. Wannan na ƙarshen ana yawan buƙatarsa ga mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sikarinsa ya faɗi. Kashi ɗaya na ruwan sikarin da kashi huɗu na ruwan allura ya koma kashi 10 cikin 100, wanda jijiyar hannu ke iya ɗauka. Fotasiyam ta hannu ba ya wuce milimol 40 a lita, ba ya wuce milimol 10 a sa'a, kuma ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji. In an zuba shi a leda a jujjuya ta sosai, don yana da nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya fara shiga da kaurinsa. Shi ya sa ba a ƙara shi a ledar da ke rataye.

Noradirenalin ta jijiyar hannu fa? Ƙa'idojin kula da cutar da ta shiga jini na 2021 sun yarda a fara shi ta hannu maimakon a bar hawan jini a ƙasa ana jiran babban layi, amma na ɗan lokaci, a babbar jijiya daga gwiwar hannu zuwa sama. Ba bayan tafin hannu ba. Kanular ta zama tasa shi kaɗai, an tabbatar jini na dawowa, wurin a buɗe, ba a ƙarƙashin bargo ba. Kada a dogara da injin tura magani, zai ci gaba da ɗura shi cikin nama bai yi ƙara ba. In wurin ya yi fari-fari, ya yi sanyi, ko ya kumbura, a tsayar da injin a mayar da maganin wani layi da sauri, tunda hawan jinin majinyacin na rataye da shi. A bar kanular tukuna, a zuƙo abin da za a iya da sirinji, kada a wanke. Sannan a cire, a zagaye iyakar wurin da biro, a ɗaga hannun, a kira likita. Maganin wannan zurarewa fentolamin ne, miligiram 5 zuwa 10 cikin ruwan gishiri mil 10, a yi ƙananan allurai kewaye da wurin cikin sa'a 12. Ɗumi busasshe ake sawa, ba ƙanƙara ba, don sanyi na ƙara tsuke jijiyoyin da maganin ya riga ya tsuke.

Doguwar robar babbar jijiya, wadda a ɗaki ake ce wa santiral, likita ne ke sa ta a wuya, ko ƙasan ƙashin wuya, ko matse-matsi, amma nas ce ke tsaye a kai. A jihar Mishigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun bi abubuwa biyar kacal: wanke hannu, cikakkiyar shigar tiyata da lulluɓe majinyaci, kilohekzidin, guje wa matse-matsi, da cire layin da ba a buƙata. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna matsakaicin shigar cuta cikin jini ya sauko daga 7.7 zuwa 1.4 a kowane kwana 1,000 na layi. Ba wata na'ura mai tsada a ciki. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne an ba nas ikon tsayar da aikin in an tsallake mataki. A wajenmu ƙaramar nas na jin nauyin ce wa babban likita "Ranka ya daɗe, safar ta taɓa gado." Sai matiron da shugaban ɗaki sun faɗa a gaban kowa cewa wannan aikinta ne kafin ta iya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bayan an sa ta wuya ko ƙirji, a ɗauki hoton ƙirji don ganin inda bakin ya tsaya da kuma tabbatar ba a huda huhu ba. A rubuta santimita nawa ke waje, a duba a kowane canjin aiki, domin juya majinyaci na jan layi. Maganin ɗaga hawan jini ya samu hanyarsa shi kaɗai, ba a tura komai ta cikinta, in an tsayar da shi kuma a zuƙe ragowar kafin a wanke. Hannu ko wuya ya kumbura ta ɓangaren layin, ko jijiyoyin ƙirji suka fito raɗa-raɗa, a yi zargin gudan jini a nemi sikanin.

Iska ita ce haɗarin da ba ya ba da lokaci. Mai numfashi da kansa, yana zaune, jikinsa ba ruwa, in ya ja numfashi layin na buɗe, iska yake zuƙa zuwa zuciya. Kullum a kulle kafin a kwance. Ranar cirewa ba a yi masa a zaune kan kujera. A kwantar da shi rigingine, kai ya ɗan yi ƙasa, ya riƙe numfashi ko a ja lokacin da yake fitar da shi. A danne aƙalla minti 5, a rufe da filastar da iska ba ta ratsawa na aƙalla sa'a 24, ya ci gaba da kwanciya minti 30, a duba bakin robar ya fito cikakke. In numfashi ya sarƙe farat ɗaya, a toshe hanyar, a juya shi gefen hagu kai a ƙasa, a ba shi iskar oksijin cikakkiya, a yi kira.

Zazzaɓi kuma. A Kaduna da jiki ya yi zafi, tunanin farko cizon sauro ne, kuma gwajin ba laifi. Amma mai layi a jiki da ya fara makyarkyata jim kaɗan bayan an wanke layin, layin ne abin zargi, ko da bakin hudar fes yake. A ɗebi jinin shuka, wato wanda ake kaiwa ɗakin gwaji a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro, kafin a fara sabon magani, ɗaya ta layin, ɗaya ta wata jijiya daban, mil 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba. In na layin ya riga ɗayan tsirowa da sa'a 2 ko fiye, daga layin cutar take. Ƙwayoyin cuta irin Staphylococcus aureus, Pseudomonas ko Candida in suka fito, ba a lallaɓa layi, fita zai yi.

Yaushe ake canza kanular hannu? Binciken da aka buga a 2012 daga Ostareliya kan majinyata 3,283 ya gwada canzawa duk kwana 3 da barin ta sai ta nuna alama, kumburin jijiya ya zo kashi 7 cikin 100 a duka ɓangarorin. Wannan labari ne mai daɗi ga iyalan da su ke sayo kanula da roba daga kemis. Amma sharaɗinsa dubawa ne a kai a kai da rubutawa. Inda nas ɗaya ke riƙe da gado huɗu da dare kuma wurin na rufe da farar filasta, ina ganin bin kwana 3 zuwa 4 ya fi aminci. Wadda aka sa cikin gaggawa, ko ta zo da majinyaci daga Birnin Gwari ko Kafanchan zuwa asibitin Barau Dikko ko na Shika ba a san ranar sa ta ba, a canza ta cikin sa'a 48. Wadda ba a amfani da ita, "a bar ta ko za a buƙata" ba dalili ba ne.

Masu jinya kuma a yi musu bayani da girmamawa tun ranar farko. Za su zo da zamzam, da man zaitun, da ruwan addu'a, kuma ba wanda zai hana su. A ce, "Hajiya, a shafa ko'ina ban da nan inda filasta take, kuma don Allah kada a taɓa makullin ruwan ko an ga yana tafiya a hankali." Mil 500 da aka tsara wa sa'a 4 ɗigo 42 ne a minti da roba mai ɗigo 20 a mil ɗaya. In aka buɗe shi ya ƙare cikin rabin sa'a ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, a huhu ruwan zai taru. Wanda ya farfaɗo yana son yin alwala, a nuna masa yadda zai kare wurin daga ruwa, in ta jiƙe kuma ya faɗa a canza.

Wajen miƙa aiki, mai tafiya da mai karɓa su tsaya a bakin gado, su yaye bargo, su bi kowace roba da yatsa daga leda har fata, su faɗi kwananta nawa da abin da ke tafiya a ciki. Wadda aka rasa amsar amfaninta a rubuta ta, a gabatar wa likita a zagayen safe.